Garin Sjenica na ƙasar Sabiya: su waye mutanensa, kuma da me suke rayuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah naga wani bidiyo a Facebook na wani gari wai shi Sjenica a ƙasar Sabiya, ga masallatai ga kiran sallah ga tumaki cikin dusar ƙanƙara. Ni a sanina Sabiyawa sune suka kashe Musulmi a Bosniya, to ya akayi Musulmi suke da gari guda a cikin ƙasarsu? Kuma da me suke cin abinci a wannan sanyin? Akwai abokina da wani ejan yake ce masa zai kaishi can aiki, shiyasa nake son sani."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. In na fahimce ka kana so kasan asalin Musulmin wurin, da abinda suke rayuwa dashi, sai kuma ko maganar da ejan yake yiwa abokinka tana da tushe. Ni fannina kiwo ne da madara, a ƙasar nayi karatu, kuma abinda ya riƙa kaini wancan yankin duba garkuna ne da wuraren tara madara, saboda haka a ɓangaren tarihi zan tsaya ne akan abinda ya tabbata, inda mutanen wurin suka saɓa a tsakaninsu kuma zan faɗa maka sun saɓa.

Garin, ana furta shi Siyenitsa, yana kudu maso yammacin Sabiya, ƙaramar hukumarsa tayi iyaka da Montenegro. A kan tudu yake, kimanin mita 1,000 sama da teku, kuma daga kudancinsa wani makeken fili ya miƙe mai suna Peshter, ciyawa ce iya ganinka, itatuwa jefi-jefi. Cikin gari mutum wajen dubu 13 ne, in ka haɗa da ƙauyuka kusan ɗari dake ƙarƙashinsa ƙidayar 2022 ta bada dubu 24 da ɗoriya. Kusan kashi uku cikin huɗu Musulmi ne da suke kiran kansu Boshnyak, wato Bosniyawa, sauran galibi Sabiyawa ne Kiristocin Orthodox. Sanyin da ka gani kuma ba na wasa bane, a Janairun 1954 an auna digiri 38 ƙasa da sifiri a cikin garin, a Janairun 1985 kuma aka auna 39.5 a wani ƙauyensu mai suna Karajukica Bunari, wanda shine mafi sanyi da aka taɓa rubutawa a hukumance a Sabiya. Firizar gidanka a wajen 18 ƙasa da sifiri take tsayawa, sai ka kwatanta.

Ni yadda nake kallon garin nan, abu biyu ne suka kafa shi, hanya da ciyawa. Hanyar an ɗauke ta a hankali a hankali, ciyawar ce ta rage, ita kuma ciyawa tana riƙe tumaki amma bata riƙe samari.

Zangon fatake

Farkon inda sunan garin ya fito a rubuce shekarar 1253 ne, a wata takardar Sarkin Sabiya Urosh na ɗaya, a matsayin wurin da fataken Dubrovnik suke yada zango su biya kuɗin fito. Dubrovnik birnin bakin teku ne, yanzu yana Kuroshiya, a lokacin kuma su ne dillalan yankin gaba ɗaya, ayarinsu na dawakai yana hawowa da gishiri da yadi, ya sauka da fatu da ulu da kakin zuma da abinda ake haƙowa a ma'adinai. Da Turkawan Usmaniyya suka ci yankin a ƙarni na 15 sai hanyar ta ƙara daraja, domin duk wanda zai tashi daga Sarajevo zuwa Istanbul ta nan zai bi, ya wuce Novi Pazar da Mitrovica da Skopje. Shi kansa Novi Pazar, babban birnin yankin da yake kilomita hamsin da 'yan kai daga Sjenica, wani kwamandan Usmaniyya Isa Beg Ishakovic ne ya kafa shi wajen 1461.

To anan ne Musulunci ya shigo, amma kada ka ɗauka Turkawa ne ko Larabawa aka kwaso aka zuba. Turawa ne 'yan asalin Balkan, wato yankin kudu maso gabashin Turai, harshensu da na Sabiyawa kowa najin kowa ba tafinta, su suna ce masa Bosniyanci waɗancan suna ce masa Sabiyanci. Kuma ba rana ɗaya abin ya faru ba. Da farko mutanen gari ne, 'yan kasuwa da masu sana'a da masu neman muƙami, da waɗanda suke son fita daga jiziya. Sai babban juyi a 1690, lokacin da Ostiriya ta kutso har cikin Balkan aka koro ta, Sabiyawa da yawa da suka mara mata baya suka bi shugaban cocinsu Arsenije na uku sukayi arewa, aka sake irin haka a 1737. Filayen da suka bari sai ƙabilun tsaunukan Montenegro da arewacin Albaniya suka cike, wasu da kansu wasu hukuma ta kawo su, irinsu Kelmendi da aka zaunar a Peshter wajen 1700, waɗannan a cikin ƙarni na 18 suka musulunta, kuma har kwanan nan akwai ƙauyuka irin Ugao da tsofaffi suke jin Albaniyanci. Sai kuma masu hijira bayan 1878, Musulmin da suka baro garuruwan da Montenegro ta karɓe irinsu Nikshic da Kolashin, da waɗanda suka baro Bosniya da Ostiriya ta shiga. Babban masallacin tsakiyar gari, wanda wataƙila shi ka gani, an gina shi wajen 1870, waƙafin Pertevniyal ne mahaifiyar Sarkin Usmaniyya Abdul'aziz, shiyasa suke ce masa masallacin Valide Sultan.

Daga 1878 ne hanyar ta fara mutuwa. Taron Berlin na waccan shekarar ya bar wannan yankin, da ake kira Sanjak na Novi Pazar, a hannun Usmaniyya kamar wani siririn zirin ƙasa da aka soka tsakanin Sabiya da Montenegro dan kada su haɗe, aka kuma yarda Ostiriya ta ajiye sojoji a wasu garuruwansa har zuwa 1908. Layin dogo da ya taso daga Salonika, birnin bakin teku dake ƙasar Girka a yanzu, ya tsaya a Mitrovica tun 1874, Ostiriya ta kawo shirin ƙarasa layin ta cikin Sanjak zuwa Bosniya a 1908 amma aka watse ba'a gina ba. A yaƙin Balkan na 1912 sojan Sabiya suka karɓi Sjenica, aka raba Sanjak tsakanin Sabiya da Montenegro, rabon da aka sake tabbatarwa a 1945. Ko da Yugoslabiya, tarayyar da Sabiya take ciki a lokacin, ta buɗe layin dogo daga Belgrade babban birni zuwa Bar dake bakin tekun Montenegro a 1976, ta kwarin kogin Lim ya bi ta Prijepolje, Sjenica har yau bata da tashar jirgi. Ƙarshen abin kuma sai iyakoki, Bosniya ta zama ƙasa a 1992, Montenegro a 2006, Kosovo ta ayyana nata a 2008, garin da yake tsakiyar hanya ya koma lungu, kasuwannin da yake kaiwa dabbobi da cuku duk sun koma bayan kwastan.

Maganar kisan da ka tambaya

Abinda ka sani gaskiya ne, a Srebrenica kaɗai an kashe maza da samari Musulmi sama da 8,000 a Yulin 1995, amma wannan a cikin Bosniya ne. A Sanjak ɗin Sabiya ba'a yi yaƙin fito na fito ba, sai dai ba'a zauna lafiya ba. 'Yan sanda sun riƙa shiga ƙauyuka neman makamai ana dukan mutane, a Oktoban 1992 aka sauke Musulmi 16 'yan ƙauyen Sjeverin daga motar safa aka kashe su, a Fabrairun 1993 aka sauke fasinja 20, galibinsu Musulmi, daga jirgin ƙasa a tashar Shtrpci suma aka kashe su, duka a kusa da Priboj ne, arewa maso yamma da Sjenica, a daidai inda hanya ta ɗan ratsa cikin Bosniya. Tsoro yasa dubbai suka fice. Ɗan damben nan Marco Huck da ya riƙe kambun duniya na hukumar dambe ta WBO daga 2009 zuwa 2015, ainihin sunansa Muamer Hukic, a Ugao aka haife shi, iyayensa suka tafi dashi Jamus a 1993. A 1999 kuma jiragen NATO suka ragargaza filin jirgin soja dake gefen garin.

Shi hijira dama ba sabon abu bane a wurinsu, an tafi Turkiyya bayan 1912, an tafi tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, an sake kwasa a shekarun 1950 da 1960 bayan fahimtar da Tito shugaban Yugoslabiya yayi da Turkiyya a 1953, yau in kaje unguwannin Bayrampasha da Pendik a Istanbul zaka samu jikokinsu. Tarihi mai nisa kuma kowane ɓangare da yadda yake bada shi, harin da Karajorje jagoran tawayen Sabiyawa ya kawo garin a 1809, Basabiye zai ce maka 'yanto ne, Boshnyak zai ce maka kisan kiyashi ne, haka ma Yaƙin Duniya na Biyu da aka ƙona ƙauyuka ta kowane ɓangare. Ni na koyi in an fara wannan hirar a gidan kofi inyi shiru in sha kofina.

A yau dai ana kiran sallah a fili, Bosniyanci yana cikin harsunan aikin hukuma a ƙaramar hukumar, ana koyarwa dashi a makarantu, kuma Boshnyak ne suke riƙe da siyasar garin. Kukansu shine basu da yawa a 'yan sanda da kotuna, kuma gwamnatin Belgrade ta manta dasu wajen hanya da masana'antu. Zaman yau da kullum tsakaninsu da Sabiyawan garin lafiya ƙalau na gani, kasuwa ɗaya, makaranta ɗaya, auratayya ce dai ba kasafai ba. Wani abin takaici ma rigimar cikin gida ce, tun 2007 hukumar addinin ta rabu biyu, ɗaya tana bin Sarajevo wadda marigayi Mufti Muamer Zukorlic ya jagoranta, ɗaya tana da mazauni a Belgrade, har akan masallatai sun sha yin rikici. Hanafiyya suke bi, in kaje sallah zakaga 'yan bambance-bambance da Malikiyyarmu, kada abin ya dame ka.

Ciyawa, tunkiya da cuku

Nan ne wurina. A tsayin mita 1,000 da irin wannan sanyin masara bata yi sosai, abinda ake nomawa dankalin Turawa ne da sha'ir da wani hatsi da suke kira heljda, sauran duk makiyaya ce da filin yankan ciyawa. Abinda baƙo baya ganewa shine ba yawan fili ne yake yanke adadin dabbar da mutum zai ajiye ba, ingirici ne. Dabba tana ɗaure a ɗaki kusan rabin shekara, saboda haka abinda ka yanka ka shanya ka tara a watan Yuli shine jarinka, kuma galibi sau ɗaya ake yanka a shekara. Duk gidan dana shiga kafin in ƙirga shanu tarin ciyawar nake fara dubawa, daga nan nasan ko mai gidan zai kai bazara ko kuwa a Janairu zai fara karyar da maruƙa a hannun dillalai.

Ga kuma abin mamaki, ƙasar da dusar ƙanƙara take rufe ƙauyuka a yanke su daga gari na kwanaki, ita ce kuma take kukan ruwa da zafi. Peshter dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ruwa in ya sauka zurarewa yake ƙasa, a shekarun fari har tankokin ruwa na soja ake turawa su kai wa ƙauyuka ruwan da dabbobi zasu sha. Saniyar tatsa kuwa in bata sha ba madara ta tafi kenan.

Tunkiyarsu sunan garin take ɗauke dashi, sjenichka pramenka, fara ce da baƙi zagaye da ido da baki da kan kunne, babba ce a cikin tumakin Balkan kuma tana jure sanyi da tafiya. Madararta ba yawa amma mai kauri ce. An daɗe ana barbararta da wani irin Jamus dan ƙara nama, har ta kai tsantsarta tana ƙaranci, ni kuma ina cikin masu ganin an wuce gona da iri, domin ruwa biyun tana son abinci da kulawar da talakan makiyayi baida su. Ulun kuwa ya zama kaya, kuɗin mai aski yafi kuɗin ulun, na sha ganin an tara an cinna masa wuta. Shanu galibi wani irin Turai ne da ake kira Simmental, kuma akwai 'yan gidajen da har yanzu suke riƙe da ɓaunar gida saboda man shanunta.

Cukun Sjenica shine sunan garin a duk faɗin Sabiya. Fari ne, ana yinsa da madara ɗanya da ɗuminta daga tatsa, a zuba abin daskarwa, a juye a ƙyalle a ɗora katako da dutse ruwan ya tsane, a yanka gunduwa-gunduwa a barbaɗa gishiri a jera a cikin baho na katako, ya zauna cikin ruwan gishirinsa wajen wata biyu kafin ya nuna. Mata ne suke wannan aikin kusan gaba ɗaya. Hukuma tayi wa sunan rajista, na tunkiya daban na saniya daban, haka naman ragonsu da wani busasshen naman tunkiya da suke kira stelja, suna kuma yin sujuk, wato niƙaƙƙen nama da ake cusawa cikin hanji a shanya. To amma me yasa duk da haka ƙaramar hukumar take rukuni na huɗu, na ƙarshe, wato waɗanda cigabansu bai kai kashi 60 cikin ɗari na matsakaicin ƙasar ba?

Amsar a ganina ba ingancin kaya bane, tsari ne. Gida mai shanu biyar zuwa goma bazai iya gina ɗakin sarrafa madara da zai cika sharuɗɗan Tarayyar Turai ba, saboda haka cukunsa a bokitin roba zai tafi kasuwar Novi Pazar ko a baiwa direban safa ya kai Belgrade, a can kuma kowane mai tebur yana rantsuwa nasa ɗan Sjenica ne. Da yawa sun haƙura da cukun suna sayar da ɗanyar madara ga ƙananan kamfanoni, farashi a hannun mai saye yake tunda madara bata jira, abinda yake tsare su tallafin da gwamnati take biya akan kowace lita ne, shima in ya makara gida ya shiga uku. Maganin da kowa yake faɗa ƙungiyar haɗin gwiwa ce, a haɗa madara a wuri ɗaya mai lasisi, na zauna a tarurruka irin wannan, kowa zai gyaɗa kai, in anzo zuba kuɗi sai tsofaffi su tuna yadda gandun gwamnati na zamanin gurguzu ya rushe da haƙƙin mutane a ciki, shikenan magana ta mutu.

A zamanin Tito ne garin ya ɗanɗani albashi, akwai babban gandun noma da kiwo na Peshter, akwai masaƙar Vesna da ta ɗauki mata da yawa. Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1992 da hauhawar farashin 1993 suka karya su, sayar da kamfanonin gwamnati bayan 2000 ya ƙarasa. Abinda ya rage mai kauri mahaƙar kwal ce ta Shtavalj, ta ƙarƙashin ƙasa, mallakar gwamnati, kwal ɗin na da yawa kuma an daɗe ana maganar gina tashar lantarki a kansa amma har yanzu magana ce. Sai 'yan ƙananan wuraren ɗinki da kamfanonin madara da nama, da aikin gwamnati wanda sai kana da jam'iyya.

Yawon buɗe ido ne sabon abu. Dam ɗin da aka gama a 1979 ya tare kogin Uvac ya cika wani kwazazzabo mai lanƙwashe-lanƙwashe, hotonsa yana cikin waɗanda Sabiya tafi tallata kanta dasu, ana shiga kwale-kwale ana shiga kogo. Akwai wata mikiya mai farin kai da ta kusa ƙarewa wajen 1990, aka ware mata wurin da ake zuba mushen dabbobi da ragowar mayanka, yanzu ɗaruruwa ne, makiyayi ya rabu da mushe ita kuma ta ƙoshi. Amma harkar ta 'yan watannin zafi ce.

Gaskiyar magana babban abinda garin yake fitarwa mutane ne. A shekarun 1960 ƙaramar hukumar ta haura dubu 36, a 2011 dubu 26 da 'yan kai, yanzu 24, duk da cewa wani ɓangare na faɗuwar canjin salon ƙidaya ne da aka daina lissafa waɗanda suka daɗe a waje. Tunda aka cire wa 'yan Sabiya bizar Schengen, wato ta shiga ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, a Disamban 2009, Jamus kuma ta buɗe ƙofar aiki ga 'yan yammacin Balkan a 2016, saurayi baya ko tunani. Kaje a Yuli da Agusta kaga motoci masu lambar Jamus da Luksambok da Suwizalan da Suwidin sun cika gari, biki kan biki, benaye masu hawa uku, ka dawo a Nuwamba ka samu tsoho da tsohuwa a ɗaki ɗaya na ƙasa kusa da murhu. Ana sa rai da babbar hanyar da aka tsara zata ratsa Peshter zuwa iyakar Montenegro, zata taimaki madara da baƙi ba shakka, amma ni bana jin zata dawo da wanda ya riga ya saba da albashin Yuro.

Abokinka da ejan

Garin da 'ya'yansa suke fita neman aiki, ka tambayi kanka wane aiki ne ya rage da za'a ɗauko mutum daga Najeriya. Sabiya tana ɗaukar ma'aikatan waje da gaske, daga Turkiyya da Sin da Indiya da Nepal, amma a gine-gine da tuƙi da otal na Belgrade da Novi Sad da wuraren ma'adinai, ba Sjenica ba. Abinda yake Sjenica da ya shafi baƙi sansanin masu neman mafaka ne da aka buɗe tun 2013, daga baya aka ƙara da ginin tsohuwar masaƙar nan, 'yan Afirka da Asiya da yawa sun zauna a ciki suna jiran hanyar tsallakawa. Ina tsoron kada ace wannan ne "aikin". Kuma ya sani Sabiya bata cikin Tarayyar Turai bata cikin Schengen, Hungary ta kafa shingen waya a iyakarsu tun 2015.

Ni ba lauya bane kuma dokokin shige da fice suna canzawa, saboda haka ofishin jakadancin Sabiya dake Abuja shine zai bashi magana ta ƙarshe. Amma kafin ya bada ko sisi ya nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ana duba su kyauta a intanet a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasar da ake kira APR, ya nemi kwantiragi a rubuce, kuma bizar ta zama ta aiki ba ta ziyara ba. Aiki ɗaya dana san ana nema da gaske a Peshter shine kiwo, masu garke suna kukan rashin makiyaya kowace shekara, sai dai na lokaci ne, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, a bukka a kan tudu nesa da gari, kuma yawancin masu garken gidaje ne ba kamfanoni ba, basu saba yiwa baƙo takardun izinin aiki ba. In ejan yace masa wannan ne, to ya tambaye shi wa zai sa hannu a takardar, kuma ina zai zauna daga Nuwamba.